Yadda ake shirya wa matasan Yahudawa tafiyar daji ta mako guda a tsaunukan Adirondack

Idan makarantun Amurka suka rufe wajen watan Yuni, ƙungiyoyin matasan Yahudawa kan kwashi yaransu su nufi daji: kwana biyu ko uku ana tuƙa kayak, wato ɗan siririn jirgin ruwa mai filafili, a tafki, wuni guda ana hawan dutse, dare kuma a kwana a tanti. Wanda bai san abin ba zai ɗauka duk shirin bai wuce hayar jirage da sayen tantuna ba. Ai kuwa wannan shi ne mai sauƙin. Abin da ke ɗaure wa jagora kai shi ne ranar Asabar, domin daga faɗuwar ranar Juma'a har fitowar taurari a daren Asabar, mai kiyaye addinin ba ya kunna wuta, ba ya girki, ba ya kafa tanti, ba ya tuƙa jirgi. Saboda haka tsarin da zan bi a nan shi ne a fara kafa Asabar a wurinta, sauran kwanakin su bi bayanta. Misalin da na ɗauka shi ne yankin tafkunan Saranac a gandun Adirondack, arewacin jihar New York, tafiyar kamar awa biyar a mota daga birnin New York.

Da farko ka san yaran wa ka ɗauko

Yahudawan Amurka ba tafiyarsu ɗaya ba a wajen riƙon addini, kuma kowane ɓangare da ƙungiyar matasansa. NCSY, wadda aka kafa a 1954, ta 'yan Otodoks ce masu tsananta riƙo. USY ta 1951 ta masu matsakaicin ra'ayi ce da ake kira Kwanzabatib. NFTY ta 1939 ta 'yan Rifom ce masu sassauci. BBYO kuwa, wadda tushenta ya faro a garin Omaha a 1924, kowa nata ne. Kafin ka kama ko da gurbin kwana ɗaya, ka zauna da rabbi, wato malamin da ƙungiyar ke bi, ka rubuta amsoshinsa a takarda: wace alamar abinci ya yarda da ita, maza da mata za su yi iyo tare ko a raba musu lokaci, me ya halasta ranar Asabar, me ya hana. Idan yaran gauraye ne, shawarata a bi ma'aunin wanda ya fi kowa tsanani a wajen abinci da Asabar. Yaron da gidansu ba sa tsanantawa ba zai rasa komai ba don ya ci abincin da aka tsananta, amma ɗaya yaron zai kwana da yunwa idan aka sassauta.

A wannan zaman ne kuma za ka karɓi takardun iyaye: izinin tafiya, magungunan da yaro ke sha, da abincin da jikinsa ba ya so. Gyaɗa ce babbar matsala, ga shi kuma ita ce abincin masu tafiyar daji. In akwai mai ɗauke da allurar gaggawa ta EpiPen, manya biyu aƙalla su san inda take da yadda ake yin ta.

Sai kalanda

Bazarar Amurka gajeriya ce, kuma kalandar Yahudawa ta ciji tsakiyarta. Akwai makonni uku na juyayi, daga 17 ga watan Tammuz zuwa 9 ga watan Ab, ranar da suke tuna rushewar ɗakin ibadarsu na Kudus har sau biyu, na biyun a hannun Rumawa a shekara ta 70. Kwanaki tara na ƙarshe sun fi nauyi: ba cin nama sai Asabar, ba iyo don nishaɗi, kuma ana gudun duk abin da ke da haɗari. Ranar 9 ga Ab ɗin kanta azumi ne na kusan awa 25, babu ci babu sha. A 2025 ta faɗo ranar 3 ga Agusta, a 2026 kuma 23 ga Yuli, don haka kowace shekara sai an duba. Dajin ma da tasa kalandar. Daga Mayu zuwa ƙarshen Yuni baƙaƙen ƙudaje masu cizo ne ke mulki a Adirondack, ruwan tafki kuma bai gama sakin sanyi ba. Idan ka haɗa biyun, makon da ya biyo bayan azumin Ab shi ne ya fi daɗi: ƙudajen sun lafa, ruwa ya yi ɗumi, yara kuma sun fito daga juyayi da marmarin wasa.

Lissafin mutum goma

A nan ne dokar daji da dokar ibada ke karo, kuma da yawa ba sa lura sai an makara. Addu'ar jam'i a wurin Yahudawa ba ta tsayuwa sai da mutum goma, abin da suke kira minyan. 'Yan Otodoks maza goma suke ƙirgawa, daga ɗan shekara 13 zuwa sama, sauran ɓangarorin kuma suna ƙirga mata. Hukumar kula da muhalli ta jihar New York, wadda kowa ke kira DEC, ita ma a kan goma ta ja layi: duk ayarin da ya kai mutum goma zai kwana a dajin gwamnati, ko wanda zai wuce dare uku a wuri ɗaya, sai ya karɓi takardar izini daga malamin dajin yankin. A yankin manyan tsaunuka da ake kira High Peaks abin ya fi haka tsauri, mutum takwas kawai aka yarda su kwana tare, sha biyar kuma su yi tafiyar wuni. A sansanonin gwamnati da ake biyan kuɗi, kowane gurbi mutum shida yake ɗauka.

Ka ga ke nan ayarin yara goma sha biyu da manya huɗu gurbi uku yake bukata. Kwanakin mako wannan ba damuwa ba ce, ana iya tuƙowa daga wannan tsibiri zuwa wancan a yi addu'ar safe tare. Asabar ce ba a tuƙi. In ka raba yara a tsibirai uku daren Juma'a, ka raba jam'i, ka raba abinci, ka raba manya har tsawon awa 25. Don haka gurbin Asabar ya zama a tudu, inda mota ke shiga, gurabe uku maƙwabtan juna. Sansanin Fish Creek Pond da na Rollins Pond da ke bayansa sun dace da wannan. Ana buɗe rajistar gurabe wata tara kafin ranar, masu kyau kuma ba sa daɗewa. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka: tun Oktoba ko Nuwamba za ka zauna gaban kwamfuta, ka fara kama na Juma'a da Asabar, sannan ka koma kan na tsibirai.

Ga yadda makon zai kasance. Lahadi a taso a kwana bakin ruwa. Litinin zuwa Laraba a tuƙa kayak tsakanin tafkin Saranac na ƙasa da na tsakiya, ana kwana a guraben sansanin tsibirai waɗanda sai da jirgi ake isa gare su. Alhamis a hau dutse. Juma'a kafin azahar a sauka a gurbin Asabar. Lahadi a koma gida.

Wani zai ce ga yankin St. Regis nan kusa, inda aka hana jirgi mai inji gaba ɗaya, me ya sa ba can ba? Wuri ne mai kyau ƙwarai, sai dai ƙananan tafkuna ne da ake ɗaukar jirgi a kafaɗa daga wannan zuwa wancan. Buɗaɗɗen kwale-kwale ya dace da haka. Kayak mai cike da kaya kuwa, ɗaukarsa a ƙasa azaba ce ga ɗan shekara sha huɗu.

Manya huɗun nan, aƙalla ɗaya ya zama jagora mai lasisi, domin dokar jihar ta wajabta lasisi ga duk mai jagorancin daji don kuɗi. Ɗaya kuma ya yi kwas ɗin agajin gaggawa na daji, wanda ake yi cikin kwana biyu. In da 'yan mata a ayari, dole da mace babba.

Tukwane biyu

Dokar abincin Yahudawa, kosha, ta wuce batun yanka da haramcin alade da mai karatu ya sani. Nama da madara ba sa haɗuwa, ko a tukunya, ko a faranti, ko a soson wanki. Wanda ya ci nama sai ya jira kafin ya taɓa cuku ko madara: yawanci awa shida, Yahudawan asalin Jamus awa uku, na Holan awa ɗaya. Abin da ba nama ba ne ba madara ba, kamar shinkafa, ƙwai, kifi, kayan lambu, shi ake kira fareb, yana shiga ko'ina.

Hanya mafi sauƙi a kan ruwa ita ce a bar nama gaba ɗaya daga Litinin zuwa Alhamis. Kaya sun ragu da rabi, ba kuma fargabar nama ya lalace a kula. Taliya, shinkafa, wake, cuku mai tauri, kifin gwangwani, burodin da ba ya saurin fumfuna, busassun 'ya'yan itace, sun isa. Naman a bar shi a firiza a gari, a kawo shi Juma'a da safe tare da tukwanensa. Tukwanen nama a naɗa musu jan salatif a hannu, na madara shuɗi, har wuƙa da ludayi da soso. Kowane ƙunshin abinci a duba alamarsa tun a kanti. Wadda aka fi sani ita ce harafin U a cikin da'ira, in kuma da D a gefenta to akwai madara ciki. Yawancin busasshen abincin da ake sayarwa masu hawan dutse ba shi da alamar, kada ka dogara da shi. Naman kosha da cukunsa daga birni za ka taho da su, ƙauyukan tsauni ba wurin nemansu ba ne.

Ƙarfen gashi da ke kan murhun sansani, Allah kaɗai ya san abin da aka gasa a kansa jiya. Ku zo da naku. In jagoran da aka ɗauko ba Bayahude ba ne kuma shi zai yi girki, a al'adar Ashkenazi, wato Yahudawan asalin tsakiya da gabashin Turai, ya isa wani daga cikin Yahudawan ya kunna risho, Sefardawa kuwa, 'yan asalin Sifen da ƙasashen Larabawa, sun fi son nasu ya ɗora tukunyar da hannunsa. Wannan ma yana cikin tambayoyin da za a yi wa rabbi. In yara suka jefa ƙugiya, kifi mai ɓawo da fiffike ne kawai halal a wurinsu. Tarwada, wadda Bahaushe zai yi murna in ta faɗo masa, a mayar da ita ruwa, ba ta da ɓawo. Ka kuma tuna ɗan shekara 16 zuwa sama sai da lasisin kamun kifi.

Ruwan tafki komai garau ɗinsa ba a shan sa haka nan, akwai ƙwayar jiyadiya mai sa zawo. A tace shi da matatar tafiya ko a tafasa na minti ɗaya. Ka ƙara lissafin ruwa fiye da na sauran ayari, don ana wanke hannu da kofi kafin cin burodi da kuma bayan tashi daga barci. Itacen wuta kuma a saye shi a yankin, doka ta hana ɗauko icen da ba a gasa shi da zafi ba daga nisan da ya wuce kilomita 80 saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi.

Kayan jiki

Ba zan tsaya dogon lissafi ba, duk mai hayar jirage zai ba ka takarda. Abu uku ne ake yawan kuskure a kansu. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, tana kuma zuƙe ɗumin jiki, ga shi dare a Adirondack kan sauka ƙasa da digiri 10 ko a Agusta, saboda haka ulu da yadin roba ake so, har safa. Takalmin hawa a fara sa shi makonni kafin tafiya, sabon takalmi bororo ne kawai. Na uku shi ne tefilin, ƙananan akwatunan fata masu ɗauke da ayoyin Attaura da ake ɗaurawa a hannu da goshi a addu'ar safe ta kwanakin mako. Suna da tsada, ruwa da zafin rana kuma suna lalata su. A sa su a leda mai zif, a sa ledar a jakar da ruwa ba ya shiga, a tura ta cikin jirgi inda rana ba ta dukanta. Naɗaɗɗen littafin Attaura na fata a bar shi a gida, a ɗauki bugaggen littafi. 'Yar hular kifa da suke ɗorawa a tsakar kai kuwa iska ce abokiyar gabarta, a maƙale ta da filin gashi ko a ɗora hular rana a kai.

A kan ruwa

Da an bar gari ana karanta addu'ar matafiyi. Ranar farko kada a yi nisa. A sami wuri marar zurfi, kowane yaro ya yi iyo da rigar ceto a jikinsa, sannan ya shiga kayak a kifar da shi da gangan, ya koyi zamewa ya fito ya riƙe jirginsa da filafilinsa. Wanda ya taɓa kifewa ana dariya ba ya ruɗewa ranar da abin ya zo da gaske. Rigar ceto a ɗaure take muddin ana kan ruwa, babba da yaro, kuma jagoran da ya ajiye tasa a bayan kujera ya gama koyar da darasin da ba ya so. A gwada ta haka: ka kama kafaɗun rigar ka ja sama, in ta kai kunne to ba ta ɗauru ba.

Tuƙin ba da ƙarfin damtse ake yi ba. A zauna a miƙe, ƙafafu su tokare matakansu, a tsoma filafili kusa da yatsun ƙafa, a juya ƙugu da kafaɗa a jawo, a fitar da shi daidai kwatangwalo. Yaron da ke ja da hannu zalla kafin awa ɗaya ya fara tambayar saura nawa. Kaya masu nauyi a ƙasa kuma kusa da tsakiya, marasa nauyi a goshi da wutsiya. Babba ɗaya a gaba wanda ba a wuce shi, ɗaya a baya wanda ba a barin kowa bayansa, kowa da usur a wuya, busa uku na nufin a kawo ɗauki.

Iska da hantsi take fara tashi, ta yi ƙarfi bayan azahar, kuma tafkin Saranac na tsakiya, da yake faffaɗa ne marar zurfi, nan da nan yake tada igiyar ruwa. Wannan ya sa addu'ar safe ke shiga lissafin tuƙi. In ta ci minti arba'in, karin kumallo da naɗe tantuna suka ci awa ɗaya da rabi, to sai an tashi ƙarfe biyar da rabi kafin a hau ruwa ƙarfe takwas. Gabas suke fuskanta, wajen Kudus, kamfas ɗin da ke nuna hanya shi zai nuna musu. A bi gefen gaɓa, kada a yanke ta tsakiya don rage hanya. A tafkin ƙasa akwai jirage masu inji, in za a ƙetare hanyarsu a ƙetare a dunƙule. Tsakanin tafkunan biyu akwai wata ƙofar ruwa da ake shiga a rufe, ruwa ya ɗaga jirage ko ya sauke su, yara na son ta fiye da komai.

Da an ji tsawa a fita daga ruwa, a nisanci doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma ba a komawa sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. Yahudawa na da addu'ar da ake yi in an ga walƙiya da wadda ake yi in an ji aradu. A yi su, amma bayan an taka ƙasa.

Dutsen Alhamis

Yara za su ce sai Marcy, mafi tsayi a jihar, mita 1,629. Kai da kawowarsa ya kusa kilomita 24, kuma washegari Juma'a ce mai aiki. Ni Ampersand zan zaɓa. Tsayinsa ya ɗan haura mita 1,000, bakin hanyarsa na kan titi mai lamba 3 daura da tafkin tsakiya, tafiyar kamar kilomita huɗu da 'yan kai ce zuwa ƙololuwa. Rabin farko shimfiɗe yake cikin manyan itatuwa har mutum ya raina dutsen, ƙarshen kuwa tsaye yake, da matakan duwatsu da saiwoyi. A sama dutse ne tsirara, daga nan yara za su hango tafkunan da suka tuƙa da tsibiran da suka kwana. Yana cikin yankin da aka kayyade mutum sha biyar, don haka ayarin sha shida sai ya rabu biyu da tazara mai kyau, ko babba ɗaya ya tsaya da kaya.

A sa hannu a littafin rajista da ke bakin hanya. Mafi rauni a tafiya shi ke gaba, kowa ya bi saurinsa. A yanke lokacin juyowa tun a ƙasa, ko an kai sama ko ba a kai ba. Waya ba abin dogaro ba ce a can, a tafi da taswirar takarda da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Da yamma kowa ya duba jikinsa, bayan gwiwa, hammata, gindin gashi, saboda kaska mai kawo cutar Laim. In an same ta a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, a rubuta ranar a gaya wa iyaye.

Bayan gida a daji rami ake tonawa mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da hanya da aƙalla mita 45, a rufe in an gama. Yaran da suka yi karatun Attaura za su gane wannan, domin a littafin Kubawar Shari'a sura 23 an umarci mai zaman sansani ya riƙe abin tono cikin kayansa don wannan aikin.

Juma'a

A farkon Agusta rana na faɗuwa bayan ƙarfe takwas a can, ana kuma kunna kyandir minti 18 kafin faɗuwarta. Ka duba ainihin mintin na wannan wuri da wannan rana, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin kula, sannan ka gaya wa yara lokacin da ya gaza shi da awa ɗaya. Wunin yana da tsawo, shi ya sa yake yaudara.

Tantuna da rumfar ruwan sama su ne farko, a ɗaure su tamau, don in turke ya tuge ranar Asabar ba mai mayar da shi. Daga nan sai erub, wato kewayen zare. A dokarsu, a buɗaɗɗen fili ba a ɗaukar abu a yi tafiya da shi fiye da kamu huɗu, wato kamar mita biyu, ko da kofi ne ko littafin addu'a, sai in an kewaye wurin ya zama tamkar gida ɗaya. Ana yin kewayen da sanduna da zare: kowace sanda ta kai kamar mita ɗaya, zaren ya bi ta kan ƙoƙon sandar daidai, kada ya ratsa ta gefenta, ya kuma miƙe ba lanƙwasa, sandunan biyu da zaren sama su ba da siffar ƙofa. A zagaye tantuna da teburin abinci da wurin addu'a, rabbi ko wanda ya wakilta ya bi layin da ƙafa ya duba. A ɗaura ƙyallaye masu haske a zaren don kada maƙwabci ya yi tuntuɓe da dare, a kuma sanar da ma'aikatan sansani tun da rana.

Abu biyu ne ke faɗawa wajen zare in ba a yi tunani ba. Na ɗaya makewayi: takardar goge jiki a yayyanka ta tun Juma'a, don ba a yage ta ranar Asabar, a kai ta can a ajiye. Na biyu ma'ajiyar abinci. Dajin na da baƙar dabbar beyar mai bin ƙanshin abinci, don haka ba a barin abinci ko man goge baki a tanti. A daji ana sa su a gwangwani mai murfin da ba ta iya buɗewa a ajiye shi mita 30 daga wurin kwana, a sansanin mota kuwa a bayan mota ake kullewa. Buɗe motar zamani na kunna fitila, kullenta ma na lantarki ne, saboda haka ko a kashe fitilun a gwada mabuɗin hannu tun da rana, ko a zo da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ko wanne ne, zaren ya kai wurin.

Girki duka ya ƙare kafin lokaci. Abincin daren Juma'a a sauke shi da zafinsa a naɗe tukunyar da tawul, ruwan zafi a cika filas-filas, na rana da na yamma kuma masu sanyi ne: kazar da aka gasa, dankali, ƙwai, salak. Kowane ci daga cikin ukun da burodi biyu cikakku, na dare da na rana kuma da ruwan inabi mai alamar kosha na tsarkake ranar, don yara ne ba a kawo giya. Wutar sansani a kashe ta da ruwa har toka ta huce, tunda ba mai ƙara mata ice ba mai kashe ta daga baya, barin ta ba mai tsaro kuma laifi ne. Fitilun batir a kunna biyu ko uku a rataye, ɗaya a hanyar makewayi, su kwana su wuni. Kyandir a cikin gilashi, a kan tebur ko dutse, ba ya shiga tanti ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Sai a tara manya a faɗi magana ɗaya a fili, yara na ji: ceton rai ya ture Asabar. Wannan hukuncin addinin ne da kansa, suna kiransa fikuwa nefesh. Na'urar saƙo da waya ɗaya su kwana a kunne wurin babba ɗaya, mabuɗin mota a inda kowa ya sani. In yaro ya kasa numfashi ko ya faɗi da kai, a kira 911, lambar gaggawa, a tada mota, ba a tsayawa neman fatawa.

Asabar ɗin kanta

Ba tuƙi, ba iyo, ba waya, ba rubutu. Jagoran da bai saba ba zai ji tsoron yara za su gundura, sai ya cika wunin da shirye-shirye. Kada ka yi haka. Bayan kwana huɗu na filafili da dutse, barci suke so. Addu'ar safe a makare, abinci, waƙe-waƙe a bakin tebur, hira, wasannin da ba sa bukatar alƙalami. In za a taka ƙafa, iyakar da aka yarda a wajen mazauni kamu 2,000 ce, kusan kilomita ɗaya, kuma aljihu wayam da zarar an ƙetare zare. Ka auna wannan nisan a taswira tun Juma'a ka sa alama da wani dutse ko mararraba. Magungunan dole ana shan su yadda likita ya ce.

Asabar na fita in taurari uku suka bayyana, wajen ƙarfe tara. A yi habdala, addu'ar rabuwa da ranar: kofin ruwan inabi, kanumfari ko kirfa a shaƙa, da tuƙaƙƙen kyandir mai lagwani da yawa, a kashe shi cikin ruwan inabin da aka zuba a faranti. Daga nan a hura wuta, a mayar wa yara wayoyinsu in an ga dama. Hotuna dai a bari sai an isa gida a sa a intanet, ba hikima ba ce a sanar da duniya inda ayarin yaran Yahudawa ke kwana a daren nan.

Lahadi da safe a kwance zaren erub gaba ɗaya, don yana sarƙe tsuntsaye, a jera yara kafaɗa da kafaɗa su taka gurbin daga wannan gefe zuwa wancan suna tsince duk abin da ya faɗi, har ɗigon kakin kyandir. In da sauran lokaci a hanya, a ratse garin Tupper Lake a ga majami'ar Beth Joseph, ginin katako na 1905 da Yahudawa 'yan koli masu bin sansanonin masu saran katako suka gina, mafi tsufa a tsaunukan. Da bazara ake buɗe ta, a kira tun kafin a taso a ji sa'o'in ziyara.